Yadda Za Ka Jona wa Bahon Surukinka Wuta a Dubai Ba Tare da Ka Dafa Shi Ba

Wannan hanya tabbatacciya ce. Mutum ɗaya ya bi ta daga farko har ƙarshe, kuma surukinsa yana nan da ransa, jiya ma an gan shi a sahun gaba. Ɗaya cikin ɗaya ke nan. A inda na yi karatu, ƙasar da ruwa ke daskarewa a cikin famfo, ɗari bisa ɗari ake kiran wannan.

Sunan mutumin Maharazu, ɗan Gwammaja, yana harkar kago, wato jigilar kaya, a unguwar Al Qusais ta Dubai. Bi sawunsa. Kada ka ƙara dabarar kanka.

1. Samu suna tukuna, ilimi ya biyo baya

Maharazu ya yi wata huɗu a makarantar koyon sana'a, ya bari. Lokacin neman aure ya canza ƙwan fitila a zauren Alhaji Abdulganiyyu, uban yarinyar. Daga ranar ya zama Injiniya a gidan, yara da manya.

Sau ɗaya ya gyara musu firji. Shekara tara ke nan da tsumma ake buɗe shi. Ba wanda ya taɓa yi masa maganar, domin suruki ba a kunyata shi.

Kai ma ka nemi irin wannan suna. Ya fi takardar shaida, don ba ya jiƙewa.

2. Yi alkawari ta waya

Ciwon baya ya matsa wa Alhaji. Likita ya ce ya riƙa zama cikin ruwan ɗumi. Ga shi kuma zai zo Dubai a duba shi nan da kwana goma.

Maharazu ya tafi kasuwar 'yan Caina da ke International City, ya sayo baho. Ba irin na wankin yara ba. Ƙato ne, zagayayye, yana cin mutum huɗu, yana ɗumama ruwansa da kansa, har kumfa yake yi idan an ba shi wuta. Ya girke shi a lambu. Lambun tukwanen fure uku ne da ciyawar roba, amma kai dai ka ce lambu.

Sannan ya buga waya Kano, ya durƙusa ya gaisa duk da ba a ganinsa.

"Baba, ai an tanadi baho. Ni da hannuna zan jona masa wuta."



"Da hannunka, Injiniya?"

"Da hannuna, ranka ya daɗe."

"To. Allah ya tsare."

Matarsa Ummi Kulsum tana bakin ƙofa tana ji. Ta ce, "Abban Hafsa, uba ɗaya gare ni. Idan ka dafa min shi, kai za ka yi wa Hajiya bayani."

Idan taka matar ta faɗi haka, ka ɗauka addu'a ce.

3. Nemi shawarar masani, don ka san abin da za ka ƙi

Maƙwabcin Maharazu wani Rabiou ne, mutumin Maraɗi, aikin wuta ne sana'arsa, har da lasisi. Ya zagaya bahon, ya karanta abin da ke rubuce a jikinsa, ya dubi soket ɗin kicin da Maharazu ya yi niyyar jawo wuta daga ciki.

"Mon frère, ɗan'uwana, wannan abu layinsa daban yake so, tun daga akwatin wuta. Waya mai kauri, mai sulke, a binne ta. Wayar ƙasa dole. A sa masa abin da ke yanke wuta nan take idan ta zuba cikin ruwa. Makunni kuma nesa da baho, inda mai jiƙaƙƙen hannu ba zai kai ba. Kuma sai mai gida ya yarda."

"Duk wannan don wanka?"

"Don a fito daga wankan."

"Habibi, mu a Kano waya biyu muke haɗawa, khalas, shi ke nan."

"Shi ya sa nake jin labarin firjin nan har Maraɗi," in ji Rabiou.

Yi masa godiya. Ba shi shayi. Kada ka bar shi ya taɓa komai, domin idan Alhaji ya ji wani ne ya yi aikin, sunan shekara tara ya tafi.

4. Haɗa kayan aiki

Waya mai tsawo, ko guntaye uku da za a ɗaura. Salatif. Baƙar leda ta naɗe mahaɗa idan salatif ya ƙare. Testa, wadda za ka saƙala a aljihun gaba don a gani. Silifas na roba.

Silifas shi ne babba. Ba ya hana komai, amma yana kwantar da hankali.

5. Jira a ɗauke wuta

Nan ne ilimin yake, sai ka natsu.

Duk wanda ya tashi a Gwammaja ya san ba a taɓa waya da wuta a jikinta. Haƙuri ake yi. Ka fere bakin wayoyinka, ka ajiye filaya kusa, ka zauna. Kafin shayinka ya huce an ɗauke, yaran unguwa su yi ihu, kai kuma ka tashi ka yi aikinka a tsanake. Haka Maharazu ya koya, haka ya ga ana yi tun yana ƙarami.

Ranar Asabar ya ja waya daga bahon har bakin soket, ya fere, ya jawo kujera ya zauna yana kallon fitilar kicin.

Fitila tana ci.

Lahadi ma haka. Litinin bai je wurin kago ba, ya ce kada a ɗauke ba ya nan. Shekararsa shida a garin, bai taɓa lura ba a ɗauke wuta ba. Mutum ba ya lura da haƙorin da ba ya ciwo.

Ummi Kulsum ta kawo masa abinci wurin kujerar. "Sun ɗauke?"

"Suna hanya."

"Daga Kano za su taso?"

Kada ka amsa irin wannan tambaya.

6. Idan aka ce ka kashe da kanka, ka ƙi

Kwana na biyar Rabiou ya leƙo ta katanga, ya ga mutum a zaune da filaya a cinya.

"Me kake jira?"

Maharazu ya gaya masa. Rabiou ya yi dariya har sai da ya dafa bango.

"Ai ga akwati can a bayan ƙofa. Ka ja madanni ƙasa, wutar gidan ta mutu."

Maharazu ya je ya buɗe akwatin. Ya ɗora yatsa. Ya ji na'urar sanyi tana huci, firji yana gurnani, Hafsa tana kallon talabijin. Wutar da aka kawo, ba a roƙa ba, shi ya kashe ta da hannunsa? Ya tuna lokacin da suka yi wata guda ba wuta a Gwammaja, suna fifita da murfin tukunya. Idan ya kashe ta ƙi dawowa fa? Wa zai kai wa ƙara?

Ya rufe akwatin a hankali.

"Ba na butulci," in ji shi.

Ya koma kujerarsa.

7. Cika bahon ko ta halin ƙaƙa

Ranar da jirgin Alhaji zai sauka, har yanzu fitila na ci. Maharazu ya sa tiyo ya cika bahon tun da safe, don ko ba komai a ga ruwa. Ya ɗaure makunni a jikin katanga da igiya. Bakin wayar kuwa ya tura shi bayan tukunyar fure.

Watan Satumba ne. Ruwan tankin saman gida dama da zafinsa yake saukowa. Ya kuma wuni a rana.

8. Juya baya, ka bar sauran ga Allah

Bayan la'asar Alhaji ya fito da singileti da dogon wando. Ya zagaya bahon sau ɗaya a hankali, yana dogara sanda, yana kallon ƙasa. Sannan ya yi bisimilla ya shiga. Maharazu ya juya wa bahon baya saboda kunya, gumi na bin wuyansa.

"Kai! Injiniya, rage wutar nan kaɗan."

Maharazu ya tafi wurin makunnin da ba ya haɗe da komai, ya danna shi da ƙarfi yadda za a ji. Ummi Kulsum ta fito da bokitin ƙanƙara ta juye ta gefe, ba ta kalli kowa ba.

"Yawwa," in ji Alhaji. "Haka ya yi."

Ya jingina, ya lumshe ido. Can ya yi magana, muryarsa ƙasa-ƙasa, yadda 'yarsa ba za ta ji ba.

"Injiniya."

"Na'am, Baba."

"Na ga bakin wayar a bayan tukunya kafin in shiga."

Maharazu ya saci kallon tukunyar furen.

"Da a bango na gan shi, da ƙafata ba ta taɓa ruwan nan ba. A duk ayyukanka, wannan ne na fi amincewa da shi. Ka bar shi haka."

Ya bar shi haka. Alhaji ya yi sati biyu yana shiga kullum. Da ya koma Kano ya gaya wa 'yan majalisarsa cewa surukinsa ya haɗa baho mai aiki da hasken rana. Yanzu mutum uku suna so a zo a haɗa musu.

Sanarwa

Marubucin wannan jagora bai san ka ba, bai ga wayarka ba, kuma ranar ba ya gari. Idan ka ƙosa da jira ka jona da wuta a jiki, kai da silifas ɗinka. Idan surukinka ya zo a watan Janairu, lokacin da rana ba ta da ƙarfi, ka haɗiye sunan ka kira Rabiou. Idan kuwa kana karanta wannan a Kano, kada ka bi mataki na biyar. A can da gaske za a ɗauke, ka tashi ka jona, a kuma dawo da ita ba sallama.