Kankanar Damagaram

Ba zan taɓa mantawa da azumina na farko a gidan aure ba, kuma ko na so in manta, turmin da ke bayan ƙofar kicin ɗina ba zai bar ni ba.

A Talladje muke zaune, azumin kuwa ya faɗo cikin zafin Yamai mai sa kwanon rufi ya yi ta ƙara da rana. Uwar mijina, Hajiya, mutuniyar Damagaram, ta aiko cewa za ta ƙetaro gada daga Harobanda ta sha ruwa wurinmu, ita da aminiyarta Hajiya Zuwaira ƴar Tawa. Wannan Hajiya Zuwairar ita ce ta ce a wurin bikina, ina ji da kunnena, "Ƴan buro ai ba abin da suka iya sai danna waya." Maganar ta tsaya mini a wuya, ni da nake aikin ofis. Na ci alwashin sai na haɗa ruwan kankana da zai rufe mata baki.

Na taso daga aiki da wuri, na zaɓo kankana ja jawur, na tanadi citta da na'a-na'a da lemun tsami. Ina zuba ta a mikser, kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke. Na jira, na jira, la'asar ta wuce, shiru. Sai idona ya faɗa kan ɗan ƙaramin turmi da aka kawo cikin kayan garata. Na ce ai kakanninmu ba da kuran suka rayu ba (ni da ban taɓa riƙe taɓarya ba sai don ɗaukar hoto). Na ɗauraye shi sama-sama, na daka kankanata, na tace, na zuba ƙanƙara. Launin nan kamar a talla. Ban ɗanɗana ba tunda ina azumi, kuma gaskiya ban ga dalili ba, don na riga na yaba wa kaina. Abin da ban sani ba, a turmin nan ƙanwar maigidana take daka yajin barkono duk sati.

Aka kira salla, aka ci dabino, na durƙusa na miƙa wa Hajiya kofi na farko. Ta kurɓa. Na ga ta tsaya cak, idanunta suka kawo ruwa. Ni ma na kai nawa baki, sai na ji wuta ta kama daga harshe har cikin kunne. Wallahi da ƙasa ta tsage da na shige. Hajiya Zuwaira kuwa tuni ta fara tari tana fifita baki da gefen mayafi.

"Ke amarya, wannan kankana ce ko miya?"

Sai Hajiya ta ɗaga kofinta ta shanye tas, ta goge ido, ta ce a natse, "Zuwaira, ba ki san wannan ba? Haka muke sha a Damagaram, yana buɗe ciki bayan azumi. Ɗiyata, ƙaro mini."

Ta sha na biyu, gumi na tsiyaya a goshinta, tsohuwar da ko a miya ba ta son yaji. Hajiya Zuwaira ta dube ta, ta dube ni, kada a ce ba ta waye ba ita ma ta daure ta shanye nata. Ban taɓa ƙaunar mutum nan take kamar yadda na ƙaunaci matar nan a lokacin ba.

Bayan magariba Hajiya ta biyo ni kicin da sunan neman buta. Ta ɗauki turmin ta shinshina, ta ajiye. Ba ta yi dariya ba, ko da yake kafaɗunta na rawa. Ta yanka sauran kankanar, ta kankare cikinta da cokali, ta zuba a ƙyalle mai tsabta ta murɗe da hannu, ruwa ya gangaro garau. Ta matsa lemu, ta murza ganyen na'a-na'a biyu tsakanin yatsu ta jefa. Duka bai kai minti biyar ba.

"Kankana ba ta son duka, ɗiyata, ruwa ce da ma. Kuma wannan maganar ta tsaya tsakaninmu."

Ta tsaya ɗin, don ko ɗanta bai ji daga bakinta ba. Abin da na koya shi ne in shinshina turmi kafin in zuba masa komai, in kuma rage cika baki kan abin da ban ɗanɗana ba. Sai dai ƙaryar da aka rufa mini asiri da ita ni ke biyan ta har yau. Duk azumi Hajiya Zuwaira sai ta ƙetaro gada, ta zauna a tabarmata, ta ce in haɗo mata irin ta Damagaram. Ni da Hajiya mu sunkuyar da kai, in tashi in ɗauko turmin yaji.