Tamanin-Tamanin a Tashar Mota

A wata tashar mota akwai wani ɗan kamasho mai suna Ɗanliti, irin mutanen nan da ba su taɓa cewa ba su sani ba. Shi ke zaune a teburin bakin ƙofa yana rubuta sunayen fasinjoji, aikin da babu rana babu ƙura, kuma shugaban ƙungiyar direbobi ne kaɗai ke cewa wa zai zauna a wurin. Da zaɓen shugaba ya matso, mutum biyu suka fito: Alhaji Barau, mai motoci uku, da Tsalha Dogo, tsohon direba. Ɗanliti ya duba gabas ya duba yamma, ya ga bai san inda za ta faɗi ba, shi kuwa ba ya son rabuwa da teburinsa. Sai ya je gidan Alhaji da takarda cike da zane-zane, ya ce ya bi direbobi ɗaya bayan ɗaya ya yi lissafi, damar Alhaji ta cin zaɓe tamanin ce cikin ɗari. Washegari ya kai wa Tsalha wannan takarda, wannan tamanin ɗin. Ya dawo yana jin ya ɗaure akuyarsa a turke biyu.

Abin da bai lissafa ba shi ne, mai tamanin ba ya iya rufe bakinsa. Ranar wata Laraba bayan azahar, 'yan takarar suka haɗu a rumfar ƙungiya. Alhaji ya ba Tsalha shawarar ya janye tun da girmansa, don lissafi ya riga ya nuna. Tsalha ya ce shi ma abin da ya zo faɗa ke nan. Aka tambayi wanda ya yi wa kowa lissafinsa, suna ɗaya ya fito. Aka aika a kira shi.

Ɗanliti ya zo, ya durƙusa, ya rantse bai yi wa kowa ƙarya ba, dukansu biyu masu ƙarfi ne. Akwai wata malamar lissafi a kan benci tana jiran motarta ta cika, ta ji abin ya ishe ta. Ta yi masa bayani a tsanake, kamar mai koyar da 'yan aji ɗaya: shugaba ɗaya za a zaɓa, cin wannan faɗuwar wancan ne, don haka in an haɗa damar su biyun ba za ta wuce ɗari ba. In Alhaji na da tamanin, ashirin ta rage wa Tsalha.

"Kai kuwa ɗari da sittin ka zuba cikin ɗari," in ji ta. "Kujera ɗaya ce, bawan Allah."

Ɗanliti ya dube ta sama da ƙasa, ya yi 'yar dariya.

"Malama, wannan lissafin allo ne. Nan tasha ce. Je ki leƙa gaban motar da za ki shiga. Kujera ɗaya ce, mutum biyu muke ɗorawa."

Tsalha Dogo ya gyaɗa kai.

"Gaskiyarka, Ɗanliti, gaba na ɗaukar biyu. Amma shekarata talatin ina tuƙi, ko wa ya zauna a gaban, in mota ta tashi ɗan kamasho a ƙasa ake barin sa."