Layi Biyu a Gaban Mutanen Dabai

Ba zan taɓa mantawa da wata Laraba cikin damina ba, ko da na so in manta. Lokacin ina sabon ma'aikacin lafiya a wani ƙaramin asibiti a Zuru, ga farar riga ta sha guga, ga baki kamar rediyo. Aka tura ni da Sista Rifkatu, babbar ma'aikaciyar jinyarmu, wata unguwa a Dabai mu yi gwajin zazzaɓin cizon sauro kyauta, mu ba da magani. Zazzaɓi ya kwantar da yara da yawa, amma iyaye sun ƙi kawo su, don an baza cewa jinin da muke ɗiba wani wuri ake kai shi.

Muka kafa tebur a gindin mangwaro. Jama'a suka taru daga nesa, kowa ya harɗe hannu. Ni kuwa da na ga taro sai na hau wa'azi. Na caccaki masu kewaye lambu da gidan sauro. Na bugi ƙirji na ce ni kullum a cikinsa nake kwana, sauro bai san ɗanɗanon jinina ba.

Wani tsohon soja da ake kira Baba Sajan ya ɗaga sandarsa. "Yaro, mu a bariki kwamanda ke shiga gaba. Fara ba da naka yatsan mu gani."

"Ai wannan mai sauƙi ne, Baba," na ce, na miƙa wa Sista hannu. (Kwana uku ke nan kaina na sarawa, ina cewa gajiya ce. Gidan saurona kuwa yana ƙarƙashin katifa, ko ledarsa ban yage ba.)

Ta tsira mini 'yar allura, ta ɗiga jinin a abin gwajin. Kafin sakamako ya fito na ci gaba da koyarwa: layi ɗaya, lafiya lau, layi biyu, akwai cuta. Har sai da na sa suka maimaita kamar 'yan firamare. Sannan na ɗauki abin, ko kallonsa ban yi ba, na miƙa wa tsohon.

Ya gyara tabarau, ya daɗe yana dubawa.

"Likita, layi nawa ka ce cuta?"

"Biyu, Baba."

"To, ga ɗaya. Ga kuma ɗan'uwansa."

Wurin ya ɓarke da dariya. Wata mata har da riƙe ciki tana cewa, "Ashe sauron Zuru da mabuɗi yake yawo!" Ni dai na rasa inda zan sa fuskata. Sista ta matso ta ce a hankali, "Ƙanena, faɗa musu gaskiya ka huta." Na faɗa musu cewa gidan saurona yana ƙarƙashin katifa. Ta ɓallo magani, na haɗiye a gaban kowa.

Sai Baba Sajan ya juya ga jama'a. "Kun ga jinin, ɗigo ɗaya ne, ga shi nan a hannuna bai je ko'ina ba. Kuma abin da ya tona wa mai shi asiri, mu zai yi wa ƙarya?" Ya ja benci ya zauna, ya miƙa yatsa.

Kafin azahar layin mutane ya kai bakin hanya. Wata uwa ta sauke 'yarta daga goyo, jikinta zafi rau, ido a lumshe. Layi biyu. Aka fara mata magani nan take, kuma da muka koma bayan mako guda na tarar da ita tana korar kaji a tsakar gida. Kayan gwajin da muka kawo ranar duk suka ƙare, sai da muka sake ɗebo wasu washegari.

Da shugaban asibitinmu ya tambaye ni dabarar da na yi har mutanen suka yarda, na gyara wuyan riga na ce, "Wayar da kai ne kawai, yallaɓai." Sista Rifkatu ta kama tari har sai da aka kawo mata ruwa.

Tun daga ranar, duk sa'ad da zan yi wa taro cika baki, sai na fara taɓa goshina tukuna.