Hayaƙin Neman Tallafi

A wani daji da itacen wuta ya fara wuyar samu, akwai wata Bushiya mai kula da gidan ƙwai. Gida ne na jama'a. Duk tsuntsuwar da tarko ya kama ko shaho ya sure, nan ake kawo ƙwanta, Bushiya ta jera su kusa da murhu tana juyawa har su ƙyanƙyashe. A wannan shekarar ƙwan fakara tara ne a hannunta. Jinkar gidan kuwa ta tsufa ta huje, duk ɗumin da murhu ya tara ta sama yake ficewa. Ga damina ta ƙarato. Bushiya ta san in ruwan farko ya same ta a haka, ƙwan nan ba za su kai labari ba.

Ana nan sai majalisar daji ta kira taro. Gwanki, shugaban majalisa, ya miƙe ya gyara murya.

"Jama'a, itace yana ƙarewa, kuma gine-ginenmu na al'umma su suka fi cinsa. Saboda haka majalisa ta ware tallafi: sabuwar jinka, yaɓen bango, da murhu mai tsimin itace. Sai dai gini ɗaya kawai zai samu a bana. Domin a yi adalci, ranar Laraba Hankaka zai tashi sama ya duba. Ginin da ya fi fitar da hayaƙi shi ya fi ɓarnar itace, shi kuma za a gyara. Ba sani ba sabo."

Aka yi ta jinjina kai. Bushiya ba ta saba magana a taro ba, amma ta daure ta ɗaga hannu daga can baya.

"Ranka ya daɗe, da an leƙo ciki an gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo."

"Iya, ai shi ya sa ba za a tambayi mai ɗaki ba," in ji Gwanki. "Kowa zai ce nasa ya fi yoyo. Hayaƙi kuwa ba ya ƙarya."

Ranar Talata da yamma Malam Biri, shugaban makarantar daji, ya biyo ta gidan ƙwai da rungumen ɗanyen ganye, ya zube mata rabi a ƙofa.

"Ga naki, Iya, don zumunci. Gobe da hantsi ki tura a murhu."

"Malam, ganye ɗanye? Ai hayaƙinsa zai shaƙe min ƙwai."

"Rabin yini ne kawai. In kiɗa ya canja, rawa ma sai ta canja. Su kansu 'yan majalisa tun jiya suke tara nasu a bayan zaure, har da tsohon takalmi."

"Kai da kake koya wa yara gaskiya?"

"Ranar Alhamis muke darasin gaskiya. Gobe Laraba ce."

Bayan ya tafi, Bushiya ta daɗe tana duban ganyen, tana duban ƙwan. Ta ɗauki ɗaya ta kara a kunne, ta ji wani abu yana motsi a hankali. Ta share ganyen ta kai bayan gida.

Laraba ta yi, dajin ya turnuƙe kamar an cinna masa wuta. Makaranta na hayaƙi, kotun daji na hayaƙi, zauren majalisa kuwa ko ƙofarsa ba a gani. Hankaka ya yi zagaye biyu, farin ƙirjinsa ya koma baƙi, ya nemi inda zai numfasa bai samu ba sai gidan ƙwai. Ya faɗo yana tari, Bushiya ta ba shi ruwa. Da idonsa ya washe ya ɗaga kai, sai ya hango sararin sama ta cikin jinka.

"Iya, wannan jinka ce ko rariya?"

"To ka rubuta haka mana, ɗan nan."

Hankaka ya juya takardarsa gaba da baya. "Ba a ba ni gurbin huji ba. Hayaƙi aka ce, naki kuwa bai kai na turaren wuta ba. Amma ruwanki da sanyi, Allah ya saka."

Zauren majalisa ne ya ci tallafin. Malam Biri ya zo na biyu, yana ta mita wai ɗalibansa uku sun suma a banza. Jinkar zauren kuwa bara aka yi ta, ko launi ba ta canja ba, amma tunda sabuwa ta iso dole tsohuwa ta sauka. Aka yaye ta aka jibge a juji.

Bushiya ta sami Gwanki a bakin zaure, ta durƙusa ta roƙi a ba ta wadda aka yaye.

"Iya, ina jin tausayinki, amma babu wannan a ƙa'ida," in ji shi. "An riga an rubuta ta a matsayin shara. Majalisa kuwa ba ta taɓa raba wa talakawanta shara ba, kuma ba a zamanina za a fara ba."

"To in wani ya kwashe sharar fa, ranka ya daɗe?"

Gwanki ya tauna ciyawar da ke bakinsa. "Wannan aikin tsafta ne. Ba ofishina ba ne."

Washegari da sassafe, hadari na haɗuwa a gabas, Bushiya ta nufi juji. Ta dunƙule ta yi birgima a kan ciyawar har ta maƙale a ƙayarta, ta taso kamar ƙaramar bukka mai tafiya. Ta kai gida ta kakkaɓe, ta koma. A sawu na bakwai ta haɗu da Malam Biri, ya yi dariya har ya riƙe ciki, sannan ya tuna cewa Bushiya ba ta iya hawa sama ba. Ya bi ta gida, ya naɗe hannun riga ya haye saman ɗakin, tana miƙa masa yana ɗaurewa, yana ba ta labarin yadda aka cuce shi.

Ruwan ya sauko da la'asar kamar da bakin ƙwarya. Ko ɗigo bai taɓa ƙwan ba, kuma itace biyu suka ishe ta a inda da take sa biyar. Bayan kwana shida 'yan fakara tara suka cika mata gida da tsiyau-tsiyau.

Da Hankaka ya sake zagaye, ya tarar hayaƙin zauren majalisa ya ragu ƙwarai da gaske. Majalisa ta yaba wa kanta bisa wannan nasara, ta kuma sanar cewa baɗi gini biyu za a gyara.

Tun daga ranar ɗanyen ganye ya yi tsada a dajin.