Littafin Koyon Linux na Mai Girma

Jiya na ƙona man babur daga Yako zuwa Kiru neman littafi, na dawo da hotunan manya.

Ga yadda aka yi. An kawo wa ƙungiyarmu ta manoma kwamfuta, aka ce duk wanda sunansa bai shiga cikinta ba kafin Juma'a, ba shi ba takin bana. Mu ɗari da ashirin ne, kuma ni aka ɗora wa aikin don na yi aji huɗu. Abin da ke tafiyar da kwamfutar sunansa Linux. Wai kyauta ne, kowa na iya buɗe cikinsa ya gyara. Na buɗe, ban ga komai ba sai baƙin allo yana ƙifta mini ido.

A ofis, can Kiru, aka ce in kwantar da hankalina, ai Mai Girma Uban Cigaba ya ƙaddamar da littafin koyo da Hausa, har shanu biyu aka yanka. Shafi arba'in ne. Talatin da tara hotonsa ne, nan yana yanka ƙyalle, can yana duba kwamfuta a kashe. Shafin ƙarshe ya ce, "Kunna. Idan ta ƙi, tuntuɓi ofis." Nan take na tuntuɓa. Suka ce wanda ya sani yana taro a Kano.

Maikano maƙwabcina ya jujjuya littafin ya ce, "Malam Muhuyi, takardar da kauri, za ta yi mafici."

Na ce, "Mafici za ka zuba wa masararka?"

Malama Luba ta Islamiyya ce ta fid da mu. Ta duba a wayarta, ashe wasu bayin Allah sun rubuta bayanin komai a intanet, ba hoton kowa. Ta fassara abin da muke buƙata, ta rubuta mini da ajami tunda shi na fi ganewa. Tana faɗa ina maimaitawa kamar hadda. Kafin magariba sunaye saba'in sun shiga.

Yau da safe sai ga jami'i daga ofis. Wai rubutun Malama ba shi da hatimi, bai halatta a koya da shi ba. Ya zura a aljihu, za a kai sama a tantance, a ƙaddamar.

Na ce, "Ranka ya daɗe, a gaida Mai Girma." Ya manta cewa da allo aka raine mu, karatun yana kaina. Saura hamsin, gobe zan gama.

Kada dai in yi butulci, littafin Mai Girma ma ya yi rana. Tunda na tokare da shi, teburin kwamfutar ya daina rawa.