Jan zare a bayan tarwaɗa

Ko na tsufa ba zan taɓa mantawa da ranar da na ƙirga kifin wani tafki a ƙasar Illela ba. Lokacin ban fi wata biyu da kama aiki a buron masu kula da ruwa da daji ba, ina ta yawo da kaye, littafin rubutuna, a hannu, ina jin duk jihar Tawa babu mai kaina.

Mutanen ƙauyen suna so a buɗe musu tafkin su yi su. Shugabana ya ce sai an san yawan kifin, don in ya yi kaɗan aka kwashe, baɗi ko na miya ba za a samu ba. Ni aka tura.

Dabarar da na koyo a lakwal mai sauƙi ce. Ka kama kifi, ka yi musu alama, ka mayar ruwa. Bayan kwanaki ka sake kamu. In kashi ɗaya cikin biyar na sabon kamun yana da alama, to waɗanda ka yi wa alamar su ne kashi ɗaya cikin biyar na kifin tafkin duka.

Masunta suka kamo mini tarwaɗa hamsin a cikin bahuna, na ce su tafi abinsu. Sarkin ruwa, wani dattijo mara yawan magana, ya kira ni yadda ake kiran ma'aikatan boko a can, ya ce, "Mushe, mi za ka yi musu?" Na ce, "Baba, aikin ilimi ne." (Har yau in na tuna wannan amsa sai in ji kamar in nutse.) Da suka tafi na ɗauko allura, na ɗaura wa kowanne jan zare a ƙayar baya, na sake su.

Bayan kwana uku masuntan suka sake shiga ruwa, ni kuwa ina can gindin gawo don kada takalmina ya taɓa laka. Aka kawo kifi ɗari, ɗaya tak mai zare. Na buga lissafi: dubu biyar.

Da la'asar a ƙofar maigari, ga shugabana ya zo da mota, ga jama'a cike, na miƙe na gyara riga na ce tafkin nan akwai tarwaɗa dubu biyar, a buɗe kawai. Tafkin fa in ka yi jifa daga wannan baki sai dutsen ya faɗa wancan.

Sarkin ruwa ya ce, "Mushe, ƙaƙa kay yi ka sani?" Na yi bayani dalla-dalla, har da ɗaga zare sama.

Ya dube ni ya ce, "Ashe kai na kaɗ ɗaura? Mu mun ɗauka wani ya yi ma tafkin asiri. Duk wanda munka gani da jan zare, addu'a muka yi mu maishe shi ruwa. Wanga guda ma Ɗan Bala yak kawo shi, shi ko ba ya gani sosai."

Dariyar da aka yi har maigari sai da ya rufe baki da rawani. Shugabana ya sunkuyar da kai. Ni kuwa kunya kamar ta kashe ni.

Amma a nan ne nake yaba wa kaina, don ban gudu ba. Na ce, "Baba, nawa kuka mayar?" Kowa ya faɗi nasa, aka haɗa, ashirin da huɗu. Na durƙusa na sake lissafin a ƙasa da tsinke, kowa yana gani: kifin bai wuce ɗari biyu da hamsin ba. Sarkin ruwa ya gyaɗa kai ya ce, "Yanzu ka yi magana. Mu ma haka munka ji a komarmu ta su."

Aka bar tafkin a rufe shekarar nan. Da na bi lissafina na farko, da an share shi tas da izinina.

Tun daga ranar, kafin in taɓa kifin kowa sai na zauna a tabarma na gaya wa masu ruwan abin da zan yi. Kuma na koyi cire takalmi.