Ranar da Na Mayar wa Turawa Ƙwallonsu

Ba zan taɓa mantawa da ranata ta uku a Amurka ba. A shekarun saba'in ne, na samu gurbin karatu, na bar Kafanchan da akwatin ƙarfe ɗaya da wasiƙar babana zuwa ga Malam Bitrus, wani mutumin Kagoro da ya shekara shida a can. A wurinsa zan yi mako guda kafin in wuce makaranta. Abu ɗaya nake tsoro a lokacin: kada in yi wani laifi a maido ni gida ban ko ga ƙofar aji ba, bayan dukan majami'armu ta raka ni tashar jirgin ƙasa da waƙa.

Ran Asabar da rana Malam Bitrus ya ce in sa riga, za mu kallon wani wasa wai shi besbol. Na ɗauki ɗan littafina da fensir (ni ko kasuwa aka aike ni sai na rubuta abin da na gani). Filin ya fi duk yadin jirgin ƙasa na Kafanchan girma, ciyawarsa kamar an yi mata aski da reza. Wani ya jefa ƙaramar farar ƙwallo, wani ya kai mata duka da kulki, sauran suna tsaye da manyan safar hannu ta fata kamar masu jiran mota. Na yi ta tambaya. Me ya sa wancan ya gudu? Me ya sa wannan ya tsuguna da keji a fuska? Wa ke cin wasan? Malam Bitrus ya amsa har ya gaji, ya ce bari ya je ya sayo mana abinci. Na cika shafi huɗu, amma tambaya ɗaya ban yi ba, ita ce kuwa ta kashe ni.

Yana tashi aka bugo ƙwallon, ta yi sama, ta karkato wajenmu, ta daki benci, ta gangaro ta tsaya a gindin takalmina. Na ɗauka. Mutanen da ke kewaye da ni suka hau tafi, wani ƙato ya bubbuga mini kafaɗa. Na ɗauka suna yaba mini ne don na tsinto musu kayansu.

To, a makarantar mishan da na yi, ƙwallo ɗaya gare mu, an ɗinke ta ya fi sau goma. In ta faɗa gonar citta, wasa ya tsaya ke nan sai an nemo ta, wanda kuma ya riƙe ta a hannu bai mayar ba ya san bulalar hedimasta. Saboda haka na miƙe. Na yi tunanin in jefa musu, sai na ga rashin ladabi ne a jefa wa manya abu. Na sauka matakala, na tsallake ɗan guntun shingen da ke gaba (a hankali, don kada in yaga wandona na zuwa sujada), na taka ciyawar nan, na nufi mai jifan a tsakiyar fili. Ban lura ma tuni wata sabuwar ƙwallo na hannunsa ba. Na isa, na rusuna, na miƙa masa da hannu biyu.

Ya dube ni, ya dubi ƙwallon, ya karɓa. Sai dukan filin ya ɗauki dariya da fito. Kafin in juya, masu gadi biyu sun kama ni ta hammata, ƙafafuna da ƙyar suke taɓa ƙasa.

A wani ƙaramin ofis suka karɓi fasfo ɗina suna jujjuya shi. Ni kuwa har na fara shirya abin da zan faɗa wa Fasto a tashar Kafanchan. Can sai ga Malam Bitrus, burodi da nama a hannu biyu. Ya yi musu bayanin makarantarmu da ƙwallonta ɗaya. Babbansu ya yi dariya har ya share hawaye, ya miƙo mini fasfo, ya ce in je, amma ba sauran kallo a yau.

A waje Malam Bitrus ya tura mini burodin.

"Ƙanena, wanda ya kama ƙwallo a nan, nashi ne. Gida ake kai shi. Suna da shi buhu-buhu."

"Malam, ai ba a gaya mini ba."

"Shekara shida ina zuwa wannan wuri, ko iskan shi bai taɓa ni ba. Kai Ubangiji ya ajiye maka a ƙafa, ka ce ba ka so."

Tun daga ranar, in ladabi ya taso mini a baƙon wuri, nakan zauna a kansa tukuna, in ga abin da na kusa da ni yake yi.